Waliyyar Da Babu Mai Yi Mata Sallama

Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwanmu samari da 'yan mata na zango, na nan Landan da na sauran garuruwan Ingila inda wannan takarda ta ke kaiwa. Muna neman gafara tun da wuri, domin maganar da za mu yi yau ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Amma ƙurjin da aka rufe da zane ba ya warkewa, sai an buɗe an matse.

Ga abin da ya faru. Samarinmu sun saba, kowane ƙarshen wata, su taru a ɗakin taron ƙungiya su kalli hoton sinima, sa'an nan su yi muhawara a kansa. A watan jiya suka kawo wani hoto na Ingila mai suna Saint Maud, watau Waliyya Maud. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya game gari. Waɗansu dattawa suka ce an shigo da izgili ga addini har cikin ɗakin ƙungiya, saboda haka a kulle majigin, a soke taron ɗungum. Waɗansu samari kuwa suka fito suna tafe suna cewa, ai ga shi nan kowa ya gani, yawan ibada shi ke kawo hauka. Mun saurari kowane gefe. Mun kuma koma mun zauna mun sake kallon hoton daga farko har ƙarshe, abin da da yawa cikin masu kumfar baki ba su yi ba. To, abin da muka gano shi ne, dattawa da samari duk sun yi kuskure, kuma kuskure ɗaya suka yi. Kowa ya zuba wa addinin yarinyar ido, ba wanda ya tsaya ya ƙirga mutum nawa suka taɓa zuwa ƙofar ɗakinta.

MENE NE CIKIN HOTON?

Tun da ya ke mafi yawan masu hukunci ba su gani ba, bari mu ba da labarin a taƙaice. Wata Baturiya ce mai suna Rose Glass ta rubuta shi, ta kuma shirya shi, shi ne kuwa babban hotonta na fari. Ba manyan kamfanonin Amurka suka yi shi ba, ƙaramin aiki ne wanda Film4 da hukumar sinima ta Birtaniya, BFI, suka sa wa kuɗi. An fara nuna shi a birnin Toronto na Kanada cikin Satumba 2019, ya fito gidajen sinima na Ingila cikin Oktoba 2020. Tsawonsa minti 84 ne kurum. An ɗauki mafi yawan hotunan waje a Scarborough, wani gari na bakin teku a arewacin Ingila.

Maud yarinya ce ma'aikaciyar jinya. Sunanta na ainihi Katie. Tana aiki a asibiti, sai wata rana mai ciwo ya mutu a hannunta tana ƙoƙarin ceto shi, abin ya tsaya mata a zuciya. Ta bar asibiti, ta sake suna, ta shiga addinin Roman Katolika, ta kama wani ɗan ƙurmusasshen ɗaki ita kaɗai. Aka ba ta aikin jinyar wata Ba'amurkiya mai suna Amanda, wadda dā shahararriyar mai rawa ce, yanzu kuwa ciwon daji ya kama ƙashin bayanta, tana kan keken guragu tana jiran ajali. Amanda ba ta yarda da Allah ba, tana shan taba da giya, tana kuma biyan wata mace kuɗi ta riƙa zuwa wurinta da dare. Sai Maud ta sa a ranta cewa Allah ne Ya aiko ta don ta ceci ran wannan mata. Ta je ta kori mai zuwan dare a ɓoye. Da Amanda ta sani, sai ta yi mata ba'a gaban baƙi ran bikin zagayowar haihuwarta. Maud ta fusata ta mare ta, aka sallame ta daga aiki.

Daga nan al'amari ya dagule. Ta koma ɗakinta, ba aiki, ba mai magana da ita. Ta riƙa azabtar da jikinta da sunan tuba, har ta jera ƙusoshi cikin takalminta ta yi ta yawo a kansu. Wata rana da dare ta ji murya tana yi mata magana, ta ɗauka Ubangiji ne. Ƙarshenta ta koma gidan Amanda, idonta ya nuna mata shaiɗan ne kwance a gadon, ta kashe ta. Gari ya waye ta tafi bakin teku ta cinna wa kanta wuta. A ganinta fukafukan haske sun fito mata, mutane sun durƙusa suna girmama ta. Sai mai hoton ta yaye labule na ƙiftawar ido ɗaya, aka nuna mana abin da ke nan a zahiri: yarinya ce tana ƙonewa tana kururuwa. Shi ke nan, hoto ya ƙare.

GA IYAYENMU DATTAWA

Allah Ya ƙara muku girma. Akwai inda kuka yi gaskiya, ba kuwa za mu ɓoye ba. Cikin hoton akwai shan giya, akwai lalata, akwai jini. Hukumar tace sinima ta ƙasar nan da kanta ta hana wanda bai kai shekara 15 ba ya kalle shi. In samarinmu sun bar yara sun shiga ɗakin ran nan, sun yi laifi, a tsawata musu. In kuma wani ya ce shi idonsa ba zai kalli irin wannan ba, ya kyauta, ba mai tilasta shi.

Amma batun cewa hoton izgili ne ga masu bautar Allah, a nan muka rabu. Babbar hujjarku ita ce wai an sa Ubangiji Ya yi magana cikin sinima. To, ku saurara. Muryar nan da Maud ta ji, da harshen mutanen Wales ta yi magana. Morfydd Clark, watau yarinyar da ta fito a matsayin Maud, mutuniyar Wales ce mai jin harshen. Masu hoton kuwa sun bayyana cewa muryar ta ita Morfydd ce aka ɗauka, aka kaurara ta da na'ura har ta zama kamar ta wani. Ashe ke nan mai hoton ba ta ce Allah Ya yi wa Maud magana ba. Cewa ta yi yarinyar nan muryar kanta ta ke ji, ta dawo mata daga bangon ɗaki, domin babu wata murya a ɗakin sai tata. Ina izgili a nan? Wannan ai karatun da ku da kanku kuka koya mana ne a zaure.

Ku duba addinin Maud da kyau. Tun daga farkon hoton har ƙarshensa ba mu gan ta cikin coci ba ko sau ɗaya. Ba ta da fada wanda za ta kai wa damuwarta, alhali kuwa a addinin da ta ce ta shiga zuwa wurin fada babban rukuni ne. Ba ta da malami, ba ta da 'yar'uwar ibada. Ko 'yar sarƙar da ke wuyanta mai siffar Maryamu Magadaliya, ta intanet ta saye ta. Ita ce liman, ita ce mamu, ita ce mai fatawa, ita ce kuma mai tambaya. Kiristan kirki ba zai kira wannan addininsa ba, balle mu. Wanda ya ce sukar wannan hali suka ce ga addini, to, shi ne ya zagi addini, don ya haɗa shi da abin da ba shi ba.

ABIN DA MALAMANMU SUKA SANI TUN DĀ

Abin mamaki, wannan ciwo da Baturiya ta nuna a 2019, malamanmu sun rubuta shi tun fiye da shekara dubu. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, a kan lafiyar jiki da lafiyar zuciya. Ya keɓe babi guda a kan waswasi, watau tunanin da ke manne wa mutum ya ƙi sakinsa. Cikin maganin da ya bayar har da cewa mai wannan lalura ya guji zama shi kaɗai, ya guji zaman banza, ya kuma sami amini mai hankali wanda zai riƙa gaya wa abin da ke yawo a ransa, don aminin ya warware masa. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 1201, ya rubuta Talbisu Iblis, ya nuna yadda Iblis ke shigo wa masu ibada ta ƙofar ibadar kanta, ya sa mutum ya ƙaurace wa jama'a, ya cuci jikinsa, ya riƙa ganin ya fi kowa kusa da Allah. In da an ba Ibnul Jauzi majigi, da wannan hoton zai yi.

Ku tuna labarin Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a 1166, wanda da yawa cikin iyayenmu ke kan ɗariƙarsa. Malamai sun ruwaito cewa yana cikin jeji shi kaɗai, sai haske ya cika masa sama, murya ta ce ita ce Ubangijinsa, ta halatta masa abin da aka haramta wa sauran bayi. Shehu ya nemi tsari da Allah, sai hasken ya koma duhu. Me ya cece shi? Ilmin da ya zauna gaban malamai ya koya, wanda ya sanar da shi cewa Allah ba Ya umurni da alfasha. Maud ta ji irin wannan murya, amma ba ta da ma'aunin da za ta auna ta, ba ta kuma da wanda za ta tambaya. Don haka ne ma mutanen ɗariƙa ba su yarda almajiri ya shiga halwa da ra'ayin kansa ba, sai da iznin shehi mai lura da shi. I'itikafi kuwa a masallaci a ke yinsa, inda jama'a ke shiga suna fita sau biyar a yini.

Batun ƙusa cikin takalmi, shi ma an riga an yanke hukuncinsa. Ya zo cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana huɗuba ya ga wani mutum tsaye cikin rana. Aka ce masa ya yi bakance ne zai tsaya, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, zai kuma yi azumi. Manzo ya yi umurni a gaya masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Ya kuma taɓa ganin igiya ɗaure a masallaci, wadda Nana Zainab ke riƙewa in ta gaji da tsayuwar dare, ya ce a kwance ta. Kai, mu je ma ga asali. Sa'ad da wahayi na gaskiya, wanda babu shakka a cikinsa, ya fara sauko masa a kogon Hira, bai tsaya a kogon ba. Ya sauko gida wurin Nana Hadiza ya gaya mata, ita kuma ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, masanin littattafan dā. In mafificin halitta ya sauko daga dutse ya gaya wa iyalinsa, wane ne ɗan wani da zai kulle ɗaki a Landan ya ce ya fi ƙarfin shawara?

GA 'YAN'UWANMU SAMARI

Ku kuma kada ku yi murna, don ba ku tsira ba. Kun ce ibada ce ta haukatar da Maud. Da alama kuna taɓa wayoyinku sa'ad da hoton ya fara. Abin da aka soma nuna mana shi ne yarinya zaune a ƙasa cikin ɗakin asibiti, hannunta da jini, gawa a kan gado. Wannan kuwa tun ba ta shiga addini ba. Raunin yana nan tun dā, addinin tsumma ne ta samu ta ɗaure shi da shi, da ya ke ba wanda ya ba ta magani.

Sa'an nan ku duba abin da garin marasa ibada ya yi mata. Da aka kore ta daga aiki, ta ɗan saki addinin, ta yi kwalliya ta tafi mashaya. Wuri cike da mutane, ana ta raha. Ta zauna ita kaɗai, ta ji waɗansu a teburin kusa suna dariya, ita ma ta taya su don ko a jawo ta, sai suka dube ta kamar mahaukaciya. Namijin da ya kula ta a daren nan, cin zarafinta ya yi. Wannan ce wayewar da ku ke kira mu zuwa gare ta? Amanda fa, wadda ba ta yarda da Allah ba, ga littattafai, ga suna, ga babban gida bisa tudu, ita ma ai kaɗaici ke cinta, har sai ta biya kuɗi kafin ta sami mai zama da ita. Mai hoton ba ta bar kowa ba, ta nuna mata biyu cikin gida ɗaya, kowace tana nutsewa, kowace ta kasa miƙa wa 'yar'uwarta hannu.

Har wa yau muna gargaɗinku da abu guda. Kada wani ya fito daga kallon nan ya ɗauka duk mai taɓin hankali mai kisan kai ne. Sinima tana son jini don ta tsorata mai kallo. A zahiri mafi yawan masu wannan lalura ba su taɓa kowa, su ne ma a ke cuta. Wanda ya mai da kallon nan dalilin gudun marar lafiya, ya juya darasin a bai-bai.

Yanzu mu koma ga ƙidayar da muka ce ba wanda ya yi. Mutum nawa suka zo ƙofar ɗakin Maud? Mutum ɗaya, sau ɗaya. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce mai suna Joy, wadda ta gamu da ita a hanya ta kira ta da sunanta na dā. Ta zo daga baya, ta ba ta haƙuri, ta ce mutuwar nan ta asibiti ba laifinta ba ne. Magana mai kyau, amma ta zo bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Maud tana tsaye bakin taga tana kallon girgije, kunnenta ya riga ya tafi wani wuri. Joy ta ga ɗakin, ta ga halin da ta ke ciki, ta yi sallama ta tafi aiki. Jama'a, mu ne Joy. Ba mugaye ba ne mu, muna da kirki, sai dai kullum muna sauri.

MAUD TANA CIKINMU

Wani zai ce, ina ruwanmu da ciwon Turawa? Gaskiya ne su suka fara kuka da shi. A Janairu 2006 aka buɗe wani ɗaki a unguwar Wood Green, nan arewacin Landan, aka tarar da ƙasusuwan wata mata wadda ta fi shekara biyu da mutuwa, talabijin ɗinta na kunne, ba wanda ya neme ta. A Janairu 2018 Firayim Minista Theresa May ta naɗa Tracey Crouch ta zama minista mai kula da sha'anin kaɗaici. Mun ji mun yi dariya, muka ce Turawa ba su da zumunci. To, wanda ya shiga ruwa ba ya yi wa kifi dariyar jiƙa.

Ku duba aikin da 'ya'yanmu ke yi. A Fabrairu 2022 gwamnati ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin jinyar tsofaffi, mutanenmu na Gana da Nijeriya suka yi ta shigowa. A Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan biza su taho da mata ko miji ko 'ya'ya. A Yuli 2025 aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Waɗanda suka riga suka shigo suna nan, da yawansu ba nan Landan ba, can ƙananan garuruwa irin wanda aka nuna cikin hoton, inda babu masallaci kusa, babu mai jin Hausa. Yarinya ta tashi a Nima ko Aboabo, gidan da ba a rufe ƙofa, inda in ta yi tari sau biyu sai gwaggo ta leƙo. Yau ga ta tana aikin awa goma sha biyu, tana wanke tsohuwar da ba ta san sunanta ba, tana rufe idon gawa da asuba, sa'an nan ta hau bas ta koma ɗaki ita kaɗai. Aikin Maud ke nan sak. In waya ta yi ƙara daga gida, ba a tambayar ta yaya zuciyarta, sai kuɗin makaranta da kuɗin rufin ɗaki. Ita kuma ba ta iya cewa ta gaji, don an ce mata tana Turai.

Wane ne cikinmu bai san irin saurayin nan ba? Dā yana zuwa ƙwallo, yana zuwa suna da biki. Sai aka daina ganinsa. Sai aka ji ya ce limaminmu ba a binsa salla, malaminsa yana cikin waya. Sai ya shiga yin alwala sau goma kafin ya gamsu, ya tayar da kabbara ya sake, ya tayar ya sake. Sai ya rame, ba ya barci, yana cewa ana nuna masa abubuwa. Me mu ke cewa? Kashi ɗaya su ce, ma sha Allahu, yaron nan ya kama addini. Kashi ɗaya su ce aljannu ne ko sammu. Masu yabo sun bar shi don ya zama waliyyi, masu tsoro sun bar shi don ya zama abin gudu, ƙarshenta duk an bar shi. Sai ran da 'yan sanda suka ɗauke shi a titi, sa'an nan mu ce daga Allah ne. A ƙididdigar hukumar lafiya ta Ingila ta 2022 zuwa 2023, yawan baƙar fata da a ke tsarewa a asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas, in an gwada da yawan jama'arsu, ya fi ninki uku na Turawa. Lalle akwai wariya cikin wannan, ba mu wanke hukuma ba. Amma laifi tudu ne, mu taka namu tukuna: mu ne ba mu kai namu wurin likita tun ciwo yana ƙarami.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne sunan da mu ke ɗauke da shi. Mene ne zango? Wurin da ayari ke sauka. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro har Salaga ba su tafi ɗai-ɗai ba, sun bi madugu. Baƙo in ya iso zango ba ya kwana waje, akwai maigidan da zai sauke shi, ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, in ya yi ciwo ya yi jinyarsa, in ya mutu ya binne shi. Ko da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa, ba su bar wannan al'ada a baya ba, duk inda suka sauka sun kafa ta. Watau zango dabara ce da aka yi don kada baƙo ya zama shi kaɗai. Mu kuwa mun ɗauko sunan mun buga a kan takardar ƙungiya, mun bar aikin. In ɗanmu ya mutu, kafin la'asar mun tara kuɗin jana'iza, wannan kam mun iya. Sa'ad da ya ke raye yana magana da bango, ba wanda ya san lambar ƙofarsa.

ABIN DA MU KE NEMA

Ba mu rubuta wannan don mu ci nasara a kan kowa ba. Ga buƙatunmu, muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa su gaba a taro mai zuwa.

1. Kada a kulle majigi. In an rufe ɗakin taro, samari za su kalli abin da ya fi wannan muni, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, wannan kuwa shi ne ainihin ciwon da mu ke kuka da shi. A riƙa zaɓen hoto da shawara, a kiyaye shekarun masu shiga, malami ɗaya da dattijo ɗaya su zauna cikin muhawarar.

2. A rubuta sunan duk ɗan zango da ke zaune shi kaɗai, namiji ko mace, musamman na ƙananan garuruwa. Kowane ɗaya a ba shi maigida ko uwar ɗaki, kamar yadda kakanninmu suka yi. In an yi Juma'a biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, a tashi a je. Saƙon waya ba ziyara ba ne, zumunta a ƙafa ta ke.

3. Malamanmu su yi wa'azi a kan waswasi da wuce iyaka cikin ibada, su kira abin da sunansa, don iyaye su san alamunsa: rashin barci, ƙin abinci, yanke zumunci, cutar da jiki, jin murya, da'awar an aiko mutum da wani saƙo na musamman.

4. Addu'a da likita su tafi tare. A yi ruƙiyya, a kuma kai asibiti, ɗaya ba ya kore ɗaya. Babu duka, babu ɗauri, babu kulle mutum a ɗaki don gudun abin kunya. Ku sani, a Ingila rajista da likitan unguwa kyauta ce, ba a kuma neman takardar zama ƙasa kafin a yi ta. In abu ya taso da dare, a buga 111. In rai na cikin haɗari, a buga 999, kada a tsaya jiran gari ya waye.

5. Wanda ya je ziyara ya ga abin da bai gamshe shi ba, kada ya yi irin ta Joy. Ya zauna, ya kira wani, ya komo gobe.

Iyayenmu, in harshenmu ya yi kaifi ku yafe mana, ɗa ba ya fin ubansa sanin hanya, sai dai wani lokaci shi ke fara hango hayaƙi. Samari, ku ma ku rage girman kai, ku zo masallaci a gan ku, ku gai da tsofaffi. Kafin takarda ta gaba ta fito, muna roƙon kowane mai karatu ya tuna da mutum ɗaya wanda ya kwana biyu bai gani ba, ya nemi adireshinsa, ya hau mota ya je ya yi masa sallama.

Allah Ya tsare mu da sharrin waswasi, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya haɗa kanmu bisa alheri. Amin.

Wassalam. Mu ne naku,
Masu shirya wannan takarda.